Kwamfuta ta ce "an ajiye", to ina rubutun yake? Fashin baƙi kan rubuta fayil ba tare da jira ba

Duk wanda ke rubuta manhaja a Garwa ko Marwa ko Njamena, akwai abin da ya kamata ya sa a ransa tun kafin ya buga layin farko: kuran, wato wutar lantarki, yana tafiya ba sallama. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda ta fara aiki tun farkon shekarun 1980, kuma duk lokacin da ruwa ya ja baya sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafin abin, amma ba su kawar da shi ba. Saboda haka mutuwar kwamfuta tana tsakar rubuta fayil, wadda littattafan koyarwa ke ambata a gurguje, a wurinmu ta zama ruwan dare.

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma matasa masu koyon wannan sana'a sukan cakuɗa su. Ta farko: idan manhaja ta ba da umarnin a rubuta wani abu cikin fayil, za ta tsaya cik har a gama, ko za ta miƙa ta wuce ta kama wani aikin? Ta biyu: yaushe ne abin da aka rubuta ya zauna daram a kan faifai, ta yadda ko wuta ta ɗauke za a same shi? Rubutun miƙa-ka-wuce amsar tambaya ta farko ce kaɗai. Bai ce uffan a kan ta biyu ba, hasali ma yakan ƙara mata wuya.

Jira ya zama abin damuwa ne saboda tazarar gudu da ke tsakanin sassan kwamfuta. Furosesa, wato sashen da ke aiwatar da umarni a kwamfuta, in mai gigahaz 3 ne yana bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa guda. Ƙwaƙwalwar RAM tana ba shi amsa cikin kusan nanosakan 100, wato kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa. Shi kuwa tsohon faifai mai juyawa, irin wanda har yau ake samu a kwamfutocin hannu na biyu da ke kasuwanninmu, in mai juyi 7200 a minti ne, juyi ɗaya yana cin milisakan 8 da ɗoriya, ban da lokacin da allura za ta ɗauka kafin ta kai kan layin da ake nema. A ce duka milisakan 10. A ɗan wannan lokacin furosesa ya yi bugu miliyan 30 yana zaman banza. Allo kuma yawanci sau 60 ake sabunta shi a daƙiƙa. Idan zaren aikin da ke kula da allo, wato jerin umarnin da ke zana maɓallai yana karɓar taɓawar mutum, shi ne ya tsaya jiran faifai, manhaja za ta fara ɗingishi, in abin ya yi yawa ta daskare. Android ba ya haƙuri da wannan: manhajar da ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawa ba, sai ya fito wa mai waya da saƙon a rufe ta ko a jira.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, ko rubutun da ake ɗauka na tsaya-ka-jira ne, ba faifai yake jira ba. Bayani yana yada zango sau uku kafin ya isa gida. Zangon farko cikin manhajar kanta yake: a yaren C, fwrite da fprintf tara bayani suke yi a wata 'yar ma'ajiya har ta cika ko a kira fflush, kuma Python da Java suna da irin tasu. Na biyu shi ne kanel, zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, Linux ne ko Windows. Idan manhaja ta kira write, kanel yana kwafe bayanin zuwa wasu shafuka cikin RAM, kowanne bayit 4096 a yawancin kwamfutoci, ya yi musu alamar ba su je faifai ba tukuna, sannan ya ce wa manhaja an gama. Na uku cikin faifan yake, domin shi ma yana da ƙaramar ƙwaƙwalwa inda yake karɓar bayani ya amsa kafin ya kai shi mazauninsa na dindindin. Duk ukun da wuta suke rayuwa. Ta tafi, abin da ke cikinsu ya bi ta.

Kamar aika saƙo ne daga Garwa zuwa Ngaundere ta ajans ɗin mota. Ka miƙa ƙunshi, ma'aikaci ya ba ka rasit, ka koma shago ka ci gaba da ciniki. Rasit shaida ce cewa an karɓa, ba cewa an kai ba. Ƙunshin na iya zama a sito har a samu motar da za ta tashi, kuma ba lallai wanda ka fara miƙawa ya fara isa ba. Hankalinka ba zai kwanta ba sai wanda ka aika wa ya bugo waya. Amsar da write ke bayarwa ita ce rasit. Bugun wayar kuwa sunansa fsync, za mu zo kansa.

Har yaushe bayani ke zama a hannun kanel? A Linux, in ba a taɓa saitin asali ba, masu kwashe shafuka suna farkawa duk daƙiƙa 5, su kai faifai duk shafin da ya wuce daƙiƙa 30 yana jira. Al'adar rabin mintin nan tsohuwa ce, tun zamanin Unix akwai ɗan shirin da ba shi da aiki sai kiran sync, umarnin da ke kwashe shafukan zuwa faifai, duk daƙiƙa 30. Akwai kuma iyaka ta yawa. Idan shafukan da ke jira suka kai kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwar da ke akwai, kanel zai fara kwashewa a bayan fage ba tare da jiran lokaci ba. In suka doshi kashi 20, sai ya fara riƙe manhajar da ke rubutun, ya rage mata gudu har faifai ya kamo. Wannan ne sirrin abin da masu kwafar fayiloli suka saba gani: a tura babban bidiyo zuwa filash, ma'auni ya ruga ya kai kusan ƙarshe, sai ya tsaya cak. Gudun farko RAM ce ke karɓa, tsayuwar kuma filash ne ke haɗiya a hankali. Wanda ya zare filash a lokacin ya yi asara, kuma wani lokaci ba ta fayil ɗaya ba. Filash da katin memori galibi da tsarin jera fayil na FAT32 ko exFAT suke zuwa, waɗanda ba su da kundin rubuta niyyar canji kafin a yi shi irin na NTFS da ext4, don haka teburin da ke nuna inda sauran fayiloli suke ma yana iya lalacewa. Microsoft ta lura da haka, shi ya sa daga Windows 10 sigar 1809 ta mayar da saitin asali na filash zuwa wanda ba ya tara rubutu a RAM.

To in write ba faifai yake jira ba, me ake nema da wani rubutun miƙa-ka-wuce kuma? Matsalar ita ce ba ya yin alƙawarin dawowa da wuri. Sau da yawa zai dawo cikin ƙiftawar ido, rana ɗaya ya riƙe ka: ko don an kai iyakar kashi 20, ko don kana rubuta rabin shafi ne kuma dole a fara karanto tsohon shafin daga faifai, ko don fayil yana girma ana nema masa sabon wuri. Shi kuwa fsync kullum jira ne tsantsa. Wanda ya saba da manhajar intanet zai ce a yi yadda ake yi wa layin sadarwa mana, a tambayi kanel ko ƙofa a buɗe take kafin a rubuta. Wannan dabarar ba ta ci a kan fayil. Cikin umarnan da ake yin wannan tambayar da su, select da poll kullum cewa suke fayil a shirye yake, epoll kuwa ƙin karɓarsa yake yi gaba ɗaya, tutar O_NONBLOCK ma ba ta hana jiran faifai. Dole aka nemi wasu hanyoyi.

Mafi sauƙinsu, kuma wadda ta fi yaɗuwa, ita ce a ɗauki ɗan aike. A buɗe wani zaren aiki daban, a ba shi rubutun, shi ya je ya yi jiran, babban zare ya ci gaba da hidimarsa, in an gama a sanar da shi. Jiran bai ɓace ba, an dai mayar da shi inda ba zai cutar ba. Node.js, wanda ake tafiyar da manhajojin yaren JavaScript da shi, ya daɗe yana aiki ta haka: ɗakin karatun libuv, wato tarin shiryayyun umarni da ke ƙarƙashinsa, yana da tarin zare guda 4 a saitin asali. Tokio na yaren Rust haka yake yi, haka aiofiles na Python, domin asyncio ba shi da hanyar fayil ta kansa. Sai dai a kula da lambar nan 4. A Node.js zaren huɗun nan su ne kuma ke neman adireshin shafukan intanet ta dns.lookup, su ke matse fayil, su ke wasu ayyukan ɓoye sirri. Rubutu huɗu masu nauyi suka maƙale a kan faifai mai sanyin jiki, sai a ga manhaja ta kasa buɗe haɗin intanet, mutum ya yi ta zargin kamfanin waya alhali laifin yana cikin gida. Ana ƙara yawansu ta UV_THREADPOOL_SIZE.

Ƙa'idar POSIX, wadda ta tsara yadda manhaja ke magana da tsare-tsare irin Unix, ta kawo aio_write tun 1993, amma a Linux glibc, ɗakin karatun yaren C, da zare yake aiwatar da shi a ɓoye, wato dai ɗan aiken ne ya sake riga. Linux 2.6, wanda ya fito a ƙarshen 2003, ya zo da tasa hanyar ta io_submit, sai dai ba ta cika alƙawari sai an buɗe fayil da O_DIRECT, wato a tsallake shafukan kanel, mai manhaja ya ɗauki nauyin daidaita girman kowane rubutu da na tubalin faifai. Manyan rumbunan bayanai irin MySQL sun amfana, ƙaramin mai manhaja kuwa bai samu komai ba. Windows ya riga Linux a wannan fage, domin tun ginin NT aka tsara shige da ficen bayani a kan miƙa-ka-wuce. Ka buɗe fayil da FILE_FLAG_OVERLAPPED, ka kira WriteFile, ya ce maka aiki na kan hanya, sakamako kuma ya zo ta tashar kammalawa da aka kawo a NT 3.5 a 1994. Shi ma yana da lungunansa: Microsoft da kanta ta bayyana cewa rubutun da ke tsawaita fayil, ko rubutu cikin fayil matsattse a NTFS, yakan koma na jira ko da an sa tutar.

Sai a watan Mayu na 2019 Linux 5.1 ya zo da io_uring, aikin Jens Axboe, kuma tsarinsa ya cancanci a tsaya a kalle shi. Manhaja da kanel suna raba wani yanki na RAM mai ɗauke da layuka biyu masu zagayawa. A na farko manhaja ke jera buƙatu: rubuta wannan bayani, a wannan fayil, daga wannan wuri, ga lambar shaida. A na biyu kanel ke jera sakamako, kowanne da lambar shaidar da aka ba shi. Da kira ɗaya ana iya miƙa buƙatu ɗari, akwai ma yanayin da wani zaren kanel ke zaune yana duba layin, manhaja ba ta buƙatar kira ko ɗaya. Dalilin wannan ƙoƙari sabbin faifai ne. Faifan SATA, wato mai tsohon salon haɗi da kwamfuta, umarni 32 yake riƙewa a layi. Ƙa'idar NVMe ta sabbin faifai marasa juyawa ta ba da damar layuka kusan 65,000, kowanne da umarni kusan 65,000. Irin wannan faifan ba ya nuna ƙarfinsa sai an cika masa hannu da ayyuka da yawa a lokaci guda, kuma wanda ke miƙa ɗaya ya jira ɗaya ba zai taɓa ganin gudun da ya biya kuɗinsa ba.

Ko wacce hanya aka bi, da zarar ka daina jira ka ɗauki wasu nauye-nauye da jiran ke ɗauke maka. Na farko, ma'ajiyar da ka miƙa ba taka ba ce har sai sakamako ya dawo. In ka sake cika ta da sabon bayani ko ka sake ta, abin da zai shiga fayil gauraye ne na tsoho da sabo, kuma irin wannan kuskuren ba ya bayyana a gwaji, sai rana ta ɓaci faifai ya yi nauyi. Sannan babu tabbacin jeri. Ka miƙa rubutu biyu, na biyu yana iya riga na farko sauka. In na biyun shi ne ke cewa "lissafin yau ya kammala", na farkon kuma shi ne lissafin, ka ga inda za a kwana. A io_uring ana ɗaure buƙatu da tutar IOSQE_IO_LINK don kada ta biyu ta tashi sai ta farko ta yi nasara. A tsarin zare kuma mafi aminci a bar zare ɗaya tak ya mallaki fayil, kowa ya jera masa. Akwai kuma gajeren rubutu: ka ba da bayit dubu, a ce an rubuta ɗari shida, sauran nauyinka ne ka sake miƙawa.

Wanda ya fi damuna shi ne kuskuren da ke zuwa a makare. A rubutun jira, in faifai ya cika, nan take za ka ji, a layin da ka yi kiran. A miƙa-ka-wuce labarin zai iso ne bayan manhaja ta yi nisa, wataƙila har ta nuna wa mutum alamar nasara. Duk inda aka miƙa rubutu dole a samu wurin da ke karɓar sakamakonsa ya duba, kuma dole layin jira ya kasance da iyaka. Manhajar da ke samar da bayani fiye da yadda faifai ke ɗauka, in ba a taka mata birki ba, za ta cinye RAM har tsarin ya kashe ta, duk abin da ke layi ya salwanta.

Yanzu tambaya ta biyu, wadda a gare mu ita ce babba. Sakamakon "an gama" da zare ko io_uring ya kawo maka, a rubutu na yau da kullum, ma'anarsa kanel ya karɓa, ba wani abu ba. Rufe fayil da close ma bai kai shi faifai ba. Sai fsync, ko ƙaninsa fdatasync da ke tsallake bayanan gefe marasa muhimmanci irin lokacin taɓa fayil, ko FlushFileBuffers a Windows, su ne ke tilasta wa kanel kwashe shafukan, ya umarci faifai ya zazzage tasa ƙwaƙwalwar, sannan a amsa. A kwamfutocin Apple ma fsync bai isa ya zazzage ƙwaƙwalwar faifai ba, sai an nemi F_FULLFSYNC.

Duniyar Linux ta ɗanɗana wannan a 2009. Masu gwada tsarin fayil na ext4 a Ubuntu 9.04, wani nau'in Linux, tun kafin fitowarsa suka fara kukan cewa in kwamfuta ta mutu, fayilolin saiti na manhajojin fuskar allo KDE da GNOME suna dawowa fanko, ko bayit ɗaya babu. Manhajojin suna rubuta sabon fayil ne su sauya masa suna ya hau kan tsohon, ba tare da fsync ba. A ext3, wanda ext4 ya gada, hakan bai cika yin illa ba, domin duk daƙiƙa 5 yake rufe kundinsa, kuma yana kai bayani kafin suna. Shi kuwa ext4 yana jinkirta nema wa bayani wuri don ƙarin sauri, sai sauyin suna ya riga bayanin sauka. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya tsaya a kan cewa POSIX bai taɓa yin wannan alƙawarin ba, kuma gaskiya ya faɗa. Masu manhaja suka ce ba za a gyara dubban shirye-shirye ba, su ma da hujjarsu. A Linux 2.6.30 aka sa ext4 ya riƙa gane wannan salon ya kai bayanin da wuri. A ganina bai kamata wani ya jingina da wannan sassauci ba, domin ba kowane tsarin fayil ke da shi ba. Hanyar da ta tabbata ga mai son sauya fayil gaba ɗaya ita ce: ya rubuta sabon bayani a fayil na wucin gadi cikin jaka ɗaya da na asali, ya yi masa fsync, ya sauya suna da rename ya hau kan tsohon, sannan ya buɗe jakar kanta ya yi mata fsync don sabon sunan ya zauna. Matakin ƙarshen nan shi aka fi mantawa. In an bi su duka, duk inda wuta ta yanke, ko dai a samu tsohon fayil cikakke ko sabo cikakke.

Ko fsync ɗin ma yana da nasa tarkon, kuma manyan ƙwararru ne suka faɗa ciki. A 2018 Craig Ringer ya kai rahoto ga masu rumbun bayanai na PostgreSQL cewa in faifai ya ba da kuskure yayin kwashewa, fsync na farko zai ce an gaza, amma Linux ya riga ya cire wa shafukan alamar jira, don haka fsync na biyu zai ce lafiya lau alhali bayanin bai sauka ba. PostgreSQL ya shekara da shekaru yana sake gwadawa yana yarda da amsa ta biyu. Gyaran da suka fitar a farkon 2019 mai tsauri ne: fsync ya gaza sau ɗaya, rumbun ya tsaya cak, ya sake gina kansa daga kundinsa. Darasin ga ƙaramin mai manhaja a fili yake. Idan fsync ya gaza, kada ka sake kiransa kana fatan alheri. Ka ɗauka rubutun ya ɓace, ka sake yinsa daga tushe ko ka sanar da mai amfani.

Yaya za a haɗa biyun, kada allo ya daskare kuma kada a yi asara? Ɗauki manhajar da ke rubuta cinikin kantin magani ko shagon tura kuɗi ta waya a Kusiri. Mai shago ya danna maɓalli, zaren allo ya jefa cinikin a layi ya nuna alamar ana ajiyewa, zaren rubutu ya ɗauka, ya rubuta, ya yi fsync, sai bayan nan ya aiko labari a nuna "an ajiye" a buga rasit. Allo bai tsaya ba, amma kalmar tabbaci ta jira faifai. In ciniki ya yi yawa, ba kowanne ke buƙatar nasa fsync ba. Faifai mai juyi 7200 a minti sau 120 kawai yake juyawa a daƙiƙa, don haka fsync ɗinsa ba zai wuce nan da yawa ba, amma zaren rubutu yana iya kwashe duk abin da ya taru a layi, goma ne ko hamsin, ya rubuta su tare, ya yi fsync ɗaya, ya tabbatar wa kowa. Manyan rumbunan bayanai da wannan dabarar suke rayuwa. Abin da ba shi da tsada kuwa, kamar girman taga ko shafin da mutum ya tsaya a karatu, a miƙa a wuce, in ya ɓace babu wanda zai yi kuka. Android ya raba su a fili a SharedPreferences: apply yana ajiyewa a RAM ya kai faifai daga baya ba tare da sanar da gazawa ba, commit kuwa yana jira ya faɗa maka ko an yi nasara. Kuɗin mutane ba na apply ba ne.

Shawarata ga mafi yawan masu rubuta manhaja a yankinmu ita ce kada su gina wannan da hannunsu in akwai SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ake sakawa cikin manhaja. Richard Hipp ya fara shi a 2000, yana cikin kowace wayar Android da iPhone, kuma an sha gwada shi a kan yankewar wuta. Tun sigar 3.7.0 ta 2010 yana da yanayin WAL, inda ake fara rubuta canji a kundi kafin a taɓa ainihin rumbu. Sai dai a san abin da aka zaɓa: a yanayin WAL, saitin synchronous na NORMAL yana kare rumbu daga lalacewa amma cinikin ƙarshe na iya ɓacewa in wuta ta yanke, FULL ne ke yin fsync a kowane kammalawa. A sa shi a zaren aike, a zaɓi FULL inda akwai kuɗi. Wajen gwaji kuma, kashe manhaja da ƙarfi ba gwaji ba ne, domin kanel yana nan raye zai kai shafukan faifai. Sai an samu kwamfutar tebur marar batir, wadda ba a jin tsoron rasa abin da ke cikinta, a zare mata wayar wuta tana tsakar rubutu, a kunna a duba, a maimaita. A nan ne kuma ake gane faifai ko filash mai arha da ke amsa umarnin zazzagewa ba tare da ya zazzage ba, wanda babu manhajar da ke iya gyara shi sai dai a canja shi.

Shi kuwa io_uring, duk da ina jinjina wa tsarinsa, ba kowa ke buƙatarsa ba, kuma ba ko'ina za a same shi a buɗe ba. A watan Yuni na 2023 Google ta bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na hanyoyin kutse cikin kanel da aka kawo wa shirinta na ba da lada cikin shekara guda kafin wannan lokacin ta io_uring suka bi, ta kashe shi a ChromeOS, ta hana manhajojin Android taɓa shi. Linux 6.6 ya ƙara saitin da mai kula da kwamfuta zai rufe shi gaba ɗaya. PostgreSQL ma sai a siga ta 18, a Satumban 2025, ya shigo da shi, kuma a ɓangaren karatu ya fara, wannan sigar ba ta yi amfani da shi wajen rubutu ba. Wanda ke kula da uwar garke mai faifan NVMe, dubban buƙatu na shigowa a daƙiƙa, kuma ya auna ya ga lokacin yana tafiya ne wajen kiran kanel da sauyin zare, shi ya kamata ya zauna da ɗakin karatun liburing mai sauƙaƙa aiki da io_uring, ya fara da ɗaure rubutu da fsync a buƙata biyu masu bin juna, ya duba sakamakon kowacce daban.